Ɗan Nagode a Kingston

Mu da aka haifa daf da lokacin da aka yanko Jigawa daga Kano a 1991, mun taso mun tarar da kiɗan rege a Dutse kamar yadda muka tarar da dabino da duwatsu, ba mu taɓa tambayar wanda ya kawo shi ba. Da garin ya zama babban birnin jiha, ma'aikata suka kwararo daga Kano, ga 'yan sanda, ga direbobi, ga 'yan bautar ƙasa daga kudu, kowa da kayansa, a cikin kayan kuwa har da kaset. Yayyenmu ne suka fara kamuwa. A shagon aski za ka ga hoton Bob Marley manne kusa da madubi, a bayan motar haya ka ga na Lucky Dube, ɗan acaɓa kuma ya ɗaura ƙyalle mai ja da rawaya da kore a hannun babur. Iyaye ba su so. A wurinsu kiɗan 'yan wiwi ne masu cukurkuɗaɗɗen gashi, duk yaron da aka ji yana yawan saurarensa sai a fara sa masa ido.

Kaset ya wuce, faifai ya zo, shi ma ya bar wa memori wuri, ana tura waƙoƙi a rumfar masu cajin waya. Duk tsawon lokacin nan hujja ɗaya muke kare kanmu da ita idan an tsangwame mu: ai kiɗan namu ne, daga Afirka aka tafi da shi, gida ya dawo. Maganar tana da daɗin faɗa, kuma akwai gaskiya a cikinta. Sai dai Afirka faɗi gare ta, kuma idan mutumin Dutse ya ce "namu", ya kamata a tambaye shi wanne ɓangare na labarin yake nufi.

Kunne ne ya fara ba mu hujjar, don haka da shi za a fara. Ska ne wa, rege ƙane. A ƙarshen shekarun 1950 matasan Kingston suna kamo tashoshin rediyon Amurka, na New Orleans da Miami, suna jin kiɗan baƙaƙen fatar can. Masu manyan lasifikoki irin su Coxsone Dodd da Duke Reid suna sayo fayafayai suna kunnawa a fili, a biya kuɗi a shiga rawa. Da irin fayafayan da jama'a ke so suka yi ƙaranci, sai suka tara makaɗan gida su yi musu kwatankwacinsu. Makaɗan kuwa ba hannu rabbana suka zo ba. Suna da mento, kiɗan karkarar tsibirin, suna kuma da busa, wadda da yawansu suka koya a makarantar Alpha, gidan renon yara maza da sistocin Katolika ke gudanarwa. Abin da ya fito daga hannunsu ya ƙi zama na Amurka. Nauyin kiɗan ya kauce daga inda ƙafa ke sauka ya koma tsakanin taku da taku. Wannan shi ne ska, shi ya raka Jamaika zuwa ranar samun mulkin kai, 6 ga Agusta 1962. Wajen 1966 aka rage masa gudu, a 1968 kuma sunan rege ya fito a wani faifai na ƙungiyar Toots and the Maytals.

A rege, bugun da aka ƙi yi ne ya fi ɗaukar hankali. Idan ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, yawancin kiɗan zamani a kan ɗaya yake dira da ƙarfi. Mai gangar rege, irin Carlton Barrett da ke yi wa Marley kiɗa, sai ya bar ɗayan nan fayau, ya jira uku sannan ya saki hannu. Jita tana sara a gefe, ƙaramin sara kamar na mai sassabe, babbar jita mai kaurin murya kuma tana yawo a ƙasa, ta yi magana ta yi shiru. Gurbin da aka bari shi ke sa jiki lilo. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san wannan lissafi. Taɓaryar kowacce tana sauka ne a ramin da ta 'yar'uwarta ta bari, wata har ta cilla tata sama ta tafa kafin ta cafe. Haka Shata yake da 'yan amshinsa, ya jefa su karɓa. Haka gangar noma take da masu gayya. A Birnin Kudu ma, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Dutse, akwai duwatsu masu amo kusa da kogunan da aka zana shanu a jikinsu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Bernard Fagg ya ba da labarinsu a 1956, kuma jikinsu duk ramuka ne saboda yawan bugu. Ƙasar nan ta daɗe da sanin yadda ake raba amo tsakanin hannaye da yawa.

To amma kama da wane ba ta wane. Idan aka bi sawun gangunan da suka shiga rege, ba ƙasar Hausa suke kaiwa ba. Kusan mutum miliyan ɗaya aka sauke a Jamaika daga jiragen bayi, kuma mafi yawansu daga wurare uku suka fito: ƙasar Akan a Gana ta yau, ƙasar Ibo da maƙwabtansu ta tashoshin Bonny da Kalaba, sai yankin Kwango. Masu bincike suna danganta kiɗan burru da mutanen Akan. Kumina kuwa, wanda ake yi don saukar da ruhin kakanni a kan masu rawa, mutanen Kwango ne suka zo da shi, waɗanda aka kawo aikin ƙwadago bayan an soke bauta, suka zauna a gundumar St Thomas. Daga waɗannan ne 'yan Rasta suka haɗa gangunansu uku: babba mai bugu kamar zuciya, matsakaiciya mai riƙe taku, da ƙarama mai surutu a sama. Sunan da suka ba kiɗan, nyabingi, daga iyakar Uganda da Ruwanda suka aro shi, sunan wata tafiya ce da ta yi wa Turawan mulkin mallaka tirjiya. A 1960 Prince Buster ya shigar da Count Ossie da makaɗansa ɗakin ɗaukar sauti suka yi waƙar "Oh Carolina", ganga ta talakan da ake ƙyama ta hau faifai. Buster ɗin nan daga baya ya musulunta, bayan ya haɗu da ɗan dambe Muhammad Ali a 1964.

A harshensu ma haka abin yake. Idan mutumin Jamaika zai ce "ku", unu yake cewa, kalmar Ibo ce tsantsa. Abin da ya fi kusa da mu shi ne nyam, wato ci, wadda masana ke dangantawa da harsunan Afirka ta Yamma ciki har da Fulatanci. Bafulatanar da ke tallar nono a kasuwar Shuwarin za ta gane ta ba tare da tafinta ba.

Ƙarancin Hausawa a can yana da dalili, kuma dalilin na lokaci ne da na hanya. Bayin da aka fitar daga ƙasar nan shekaru aru-aru arewa aka yi da su, ta Sahara, zuwa Tarabulus da Tunis da Masar. Shi ya sa har yau ake jin kalmomin Hausa da sunayen iskokin bori a kiɗan stambeli na Tunisiya. Lokacin da Hausawa suka fara isa bakin teku da yawa kuwa shi ne bayan 1804, da yaƙe-yaƙen jihadi suka cika hanyoyi da kamammu. A 1807 Ingila ta haramta wa jiragenta fataucin bayi, ƙofar Jamaika ta rufe. Sai aka yi da su Burazil, inda Hausawan Bahia suka shirya tawaye a 1807, aka kuma tashi a 1809 da 1814. Wanda ke neman gangar kakanninsa a ƙetaren teku, can ya kamata ya fara dubawa.

Duk da haka akwai namu a Kingston, kuma ya bar sunansa da hannunsa. Abubakar Siddiƙ sunansa. An haife shi a Timbuktu wajen 1790, ya tashi a Jenne, aka kai shi karatu Buna, a arewa maso gabashin Kwaddebuwa ta yau. Yana da kimanin shekara 15 yaƙi ya ci garin, aka kama shi, aka ɗora masa kaya aka bi da shi ta Kumasi har bakin teku, aka sayar wa jirgin Ingilishi. A Jamaika aka sa masa suna Edward Donlan. Ya yi kusan shekara 30 a cikin bauta. Ubangidansa na ƙarshe, Alexander Anderson, da ya ga yana da ilimi sai ya damƙa masa lissafin kayan da ke shiga da fita. Bai san boko ba, don haka ya riƙa rubuta Turancin Jamaika da baƙaƙen Larabci, da yamma ya karanta wa mai kula da aiki. Mu a nan ajami muke kiran wannan. Yaren da muke ta fama mu tsince a waƙoƙin Marley, an taɓa rubuta shi daga dama zuwa hagu da hannun almajiri.

A 1834 wani alƙali ɗan Ailan, Richard Madden, ya yi ƙoƙari aka 'yanta shi, shi kuma ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci. A ciki ya jero asalinsa, iyaye da kawunnai da malamai. Mahaifiyarsa Hafsatu ce, 'yar Alhaji Muhammadu Tafsir, mutumin Katsina da Barno, kuma ya ce da Hausa Nagode ake kiranta. Mutum ya yi shekara 30 ana kiransa Edward, bai ji wanda ya gaishe shi da harshen gidan kakansa ba, amma da aka ba shi alƙalami sai da ya ajiye laƙabin uwarsa na Hausa kusa da sunanta na yanka. A 1835 ya bi wani Bature matafiyi, John Davidson, zuwa Maroko da niyyar tsallaka hamada ya koma Timbuktu. An kashe Davidson a hanya a 1836.

Abubakar bai bar waƙa ba, kuma babu wanda zai ce ga bugunsa a cikin ska. Amma labarinsa ya kai mu ga abin da waƙoƙin suke ta nanatawa, wanda ya riƙe mu bayan daɗin kiɗan, wato koke. Turancinmu na makarantar gwamnati bai isa mu fahimci komai ba, kalmomi kaɗan ne suka ishe mu: sarƙa, yunwa, Babila. Babila ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun allo, tana cikin Baƙara tare da Haruta da Maruta, ko da yake mu idan za mu ambaci azzalumi Fir'auna muke cewa. 'Yan Rasta sun ɗauko ta ne daga labarin Banu Isra'ila da aka kwashe daga ƙasarsu, suka liƙa wa duk mulkin da ke danne talaka. Yayyenmu sun ji wannan a daidai lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, wanda aka fara a 1986, ya sa albashi ya daina kai wata, lokacin da Majek Fashek da Ras Kimono da Mandators suka cika gidajen rediyon Najeriya. Aƙidar kam ba ta shige mu ba. Sun ɗauki Haile Selassie, wanda aka naɗa sarkin Habasha a 1930, sun kai shi matsayin da ba a kai ɗan Adam, alhali shi kansa mabiyin cocin Habasha ne. A wurinmu Habasha ƙasar Najjashi ce, inda sahabbai suka yi hijirar farko. Muka ci dabinon muka tofar da ƙwallon.

Sai dai su idan sun ce sarƙa, sarƙar ƙarfe suke nufi, wadda aka sa wa kakan kakansu. An soke bauta a Jamaika a 1834, aka ci gaba da tilasta wa mutane aiki da sunan koyon sana'a har 1 ga Agusta 1838, gwamnatin Ingila kuma ta biya diyyar fam miliyan 20, ga iyayengijin, ba ga bayin ba. Ranar 1 ga Agusta hutu ce a ƙasar. Hoton Nanny, wadda ta jagoranci gudaddun bayi a kan duwatsu, da na Sam Sharpe, wanda aka rataye bayan tawayen 1831, suna kan takardun kuɗinsu. Burning Spear ya yi waƙa sukutum a 1975 kan tuna kwanakin bauta. Mutanen nan sun ɗauki abin da aka so ya zama abin kunyarsu sun sa shi a lasifika mafi ƙara a unguwa.

Mu kuma muna gyaɗa kai a Dutse, muna jin da mu ake, a sahun waɗanda aka zalunta. Haka ne, amma ba a nan kaɗai muke ba. A ƙarni na 19, lokacin da Dutse ke ƙarƙashin Kano, yankinmu bakin daga ne. Mayaƙan Ningi suna kawo hari garuruwan kudu maso gabashin masarautar su kwashi mutane daga gona, rundunar Kano ita ma tana shiga duwatsun Ningi ta dawo da kamammu, musamman zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga birnin duk shekara da kimanin 5,000, ban da waɗanda ake riƙewa a gidaje da rinji. Dokar Lugard ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun wannan shekara ɗa ne, amma ba ta saki waɗanda ke hannu ba. Sai dai su biya murgu, su tara kuɗin fansa, su je gaban alƙali. Ba a soke bauta ɗungurungum a Arewacin Najeriya ba sai 1936, shekara 98 bayan Jamaika. Akwai kakanninmu da aka haifa kafin wannan shekarar, mun kuma ci tuwo a hannunsu.

Idan aka ta da zancen, amsar da ake bayarwa ita ce bautar nan ba irin ta gonar rake ba ce. Akwai ƙanshin gaskiya. Ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne, har sarauta yana ci. A fadar Kano sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama na bayin sarki ne, kuma masu su sun fi hakimai da yawa ƙarfin faɗa a ji. Amma wannan labarin 'yan ƙalilan ne da ke kusa da inuwa. Yarinyar da aka sure a bakin rafi aka kai kasuwa ba ta san da Shamaki ba. Kuma yadda Abubakar ya koma Edward, haka a nan ma ake shafe sunan mutum a sa masa wanda ke faɗin farin cikin mai shi: Barka, Nasamu, Allah-bar-Sarki. Harshen ma bai manta ba. Kalmar da muke amfani da ita ranar 1 ga Oktoba, 'yanci, daga "ɗa" ta fito, wato zama ɗa, kishiyar zama bawa. Kalma ɗaya kuma muke da ita ga bautar Allah, da bautar ƙasa da ake yi bayan jami'a, da waccan da ba a son ambata.

Mu da sana'armu ta zama jera bayanai a kwamfuta mun san rumbun SlaveVoyages da ke intanet, inda aka tattara tafiye-tafiyen jiragen bayi sama da 36,000. Kana iya tace shi ka ware na Jamaika kaɗai, ka ga sunan jirgi, da na kyaftin, da adadin da aka loda, da adadin da suka isa da rai. Ɗan Kingston yana iya zama ya bi layi-layi yana neman tashar da aka ɗauko mutanensa. Namu bayanan suna cikin takardun kotunan alƙalai na farkon zamanin Turawa, a gidan adana tarihi na Kaduna, inda aka rubuta shari'o'in fansa: wane, ƙabila kaza, ya fanshi kansa da kuɗi kaza. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun yi littafi a kansu a 1993. A ajinmu na tarihi an koya mana Bayajidda da jihadi da zuwan Lugard, an kuma koya mana jiragen da suka tsallaka Atilantika, har da zanen yadda ake jera mutane a cikinsu kamar buhuna. Kalmar rinji kuwa a wajen makaranta muka tsince ta, a sunayen ƙauyuka.

Ba mu da waƙar da ta yi wa wannan abin da rege ya yi wa nasu. Makaɗan fada sun wasa sarakunan da suka ci garuruwa suka kamo bayi, kirarin yana nan ana maimaitawa ranar hawan salla. Ɓangaren wanda aka kamo ne ba a ji ba. Jikokinsu ba su tafi ko'ina ba, babu tekun da ya raba mu. Tare muka yi makarantar allo, tare muka yi firamare, tare muka tsaya a shagon askin nan muna sauraron Lucky Dube, kuma a cikin wannan "mu" da ake ta faɗa tun farkon rubutun nan akwai jikan mai rinji, akwai jikan wanda ya yi noma a cikinsa, akwai da yawa da suka haɗa jinin biyu. A zaman yau da kullum babu mai tayar da maganar, har ka ɗauka ta mutu.

Inda take fitowa shi ne wajen aure. Saurayi ya ga yarinya, an daidaita, manya suka ce a ba su lokaci su yi bincike. A yawancin gidaje hali da sana'a da addini ake dubawa, a wuce wurin. Amma akwai gidajen da har yanzu sai an tura wani kawu garin su yaron ko su yarinyar, ya sami tsoho mafi daɗewa a unguwa, su gaisa, su yi zancen damina, sannan ya sassauta murya ya tambayi su wane ne kakanninsu, kuma a gidan wa suka tashi. Abin da Abubakar ya zauna ya jero a Kingston don kada ya ɓace, shi ake nema a nan don a tace. Kawu ya dawo bayan kwana biyu, a kira yaro a zaure a ce masa an yi bincike, ya yi haƙuri, Allah bai yi matarsa ba ce. Ya tambayi dalili, a ce masa maganar manya ce.